Wanda ya ce ya hau, me ya sauko da shi?

Kwanan baya wata 'yar'uwa ta turo mini wani gajeren bidiyo, ta ce in duba in gaya mata ko gaskiya ne. Wata mata ce zaune cikin fararen kaya, kyandir na ci a gefenta, tana magana a hankali da murya mai sanyi. Tana lissafa alamun da ke nuna cewa "ruhinka ya fara hawa": kunne ya riƙa ƙara, jiri ya riƙa ɗibarka, zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace maka da tsakar dare, ka gundura da mutanen da ka saba da su, ka duba agogo ka riƙa tarar da 11:11. Ta ce kada mai jin haka ya tsorata, jikinsa ne ke shirin barin mataki na uku zuwa na biyar. Da za ta rufe, sai ta gayyaci masu kallo su yi rajistar wani kwas.

Wadda ta turo mini tana fama da da yawa daga cikin alamun nan, kuma ba ta je asibiti ba, saboda an riga an ba ta bayani mai daɗin ji. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Matsayina a fili yake. Hawan ruhi da ake tallatawa a zamanin nan ya ari sunan abu mai girma, ya bar nauyinsa a baya. Duk inda aka san hawa a tsofaffin koyarwar addini, wanda ya hau yakan sauko da aiki a wuyansa, ya kuma ƙara ƙanƙan da kai. Na yanzu yana koya wa mutum ya sauke nauyi, ya ga kansa sama da jama'a. Ba na zargin masu neman nutsuwa, ƙishirwarsu ta gaskiya ce. Da abin da ake miƙa musu nake rigima.

Inda maganar ta samo asali

Masu yaɗa wannan koyarwa sukan ce ilimi ne na dubban shekaru. A yadda ake faɗinta yau, shekarunta ba su kai 200 ba. A 1875 Helena Blavatsky, 'yar daular Rasha, da abokanta suka kafa ƙungiyar Tiyosofi a birnin New York na Amurka. Ta ce tana karɓar saƙonni daga wasu ɓoyayyun malamai da suka kai ƙololuwar sani. Ta haɗa guntayen koyarwar Hindu da Buddha da sihirin Turai, ta yi musu riga ɗaya.

Wanda ya fi ɗora kalmar hawa a bakin jama'a shi ne Guy Ballard. Ya ce a 1930 ya haɗu da wani "malamin da ya hau" a kan dutsen Shasta da ke Kalifoniya. Shi da matarsa Edna suka tara dubban mabiya, suna koya musu cewa mutum na iya tsarkake kansa har ya hau da jikinsa ba tare da ya ɗanɗani mutuwa ba. A ƙarshen 1939 Ballard ya mutu kamar kowa. Sai aka gyara koyarwar, aka ce hawan na iya zuwa bayan mutuwa.

Haka abin yake tafiya har yau. An sa ranar babban sauyin duniya a watan Agustan 1987, aka sake sa wata a 21 ga Disamban 2012. Kowace rana ta zo ta wuce, aka ce ai sauyin ya faru a ɓoye, masu buɗaɗɗen ido ne kawai suka gani. Maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, babu kuma abin da zai iya tabbatar da ita.

Waɗanda suka hau, da me suka dawo?

Musulmi ya san Mi'iraji. An yi tafiyar dare da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Ƙudus, aka hau da shi sammai har Magaryar Tuƙewa. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, shi aka tafi da shi, ba dabara ya koya ba, ba kwas ya yi ba. Ayar farko ta Suratul Isra'i, a daidai wurin da take ba da labarin wannan ɗaukaka, da sunan bawa ta ambace shi. Na biyu, ya dawo, kuma abin da ya dawo da shi salla ce, wadda aka fara da hamsin aka sauƙaƙa zuwa biyar. Hawa mafi girma da Musulmi ya sani ya ƙare ne da umarnin sa goshi a ƙasa sau da yawa a kowace rana. Washegari kuma ya tsaya a gaban mutanen Makka suna ƙaryata shi. Bai ce sun yi masa ƙasa ba, ya ci gaba da zama cikinsu yana kiransu.

Alƙur'ani ya kawo wani mai son hawa daban. Fir'auna ya ce wa Hamana ya gina masa doguwar hasumiya ko ya isa ƙofofin sammai ya leƙa Ubangijin Musa. Shi ma sama yake so. Bambancin shi ne da ƙarfinsa yake son hawa, don kuma ya tabbatar da girman kansa. Idan na ji ana ce wa mutum "kai ne allahn kanka, ka manta ne kawai", na san wanne daga cikin hawan biyu ake kwaikwayo.

Kirista ma ya san hawan Almasihu zuwa sama, kwana arba'in bayan tashinsa, yadda littafin Ayyukan Manzanni ya kawo. Almajiran suka tsaya suna kallon sama, aka tambaye su me suka tsaya kallo. Aiki aka bar musu a ƙasa, na shaida da hidima, kuma da yawa daga cikinsu sun biya da rayukansu. Mabiya Buddha sun ce bayan farkawarsa ya yi kusan shekara 45 yana yawo a ƙasa yana koyarwa. Waɗannan addinai sun saɓa a kan manyan abubuwa, ba na cewa ɗaya suke ba. Amma a wannan gaɓa babu wanda ya ce ɗaukaka ita ce ka tsere wa mutane.

Sufaye, waɗanda suka fi kowa zurfafa maganar matakan ruhi a Musulunci, sun jera muƙamai. Na farko tuba ce. Sai tsantseni, sai gudun duniya, sai haƙuri, sai tawakkali, sai yarda da hukuncin Allah. Malamai irin su Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, da Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun bambanta muƙami da hali. Hali shi ne abin da ke saukar wa zuciya ya wuce, kamar shauƙi ko kuka ko sanyin rai. Muƙami shi ne abin da ya zauna ya zama ɗabi'a, kuma ba a samunsa sai da mujahada. Sun kuma yi gargaɗi a kan istidiraji, wato a riƙa buɗe wa mutum abubuwan mamaki alhali janye shi ake yi zuwa halaka. Akwai maganar da ake jingina wa Abu Yazid al-Bistami, cewa ko ka ga mutum yana tashi a iska kada ya ruɗe ka sai ka ga yadda yake da umarni da hani.

Tsani ne mai matakala da yawa, kuma ta ƙasan ita ce mai ciwo, domin tuba na nufin ka yarda ka yi laifi, ka mayar da haƙƙin da ka ci, ka je ka ba da haƙuri. 'Yan kasuwar hawan ruhi sun sare matakalar ƙasa, suna sayar da ta saman kawai. Sun ɗauki hali, abin da magabata suka ce kada a dogara da shi, sun mayar da shi shaidar isa.

Sauran kalmomin da aka aro

Ba hawa kaɗai aka yi wa haka ba. Ana yawan cewa wane yana cikin "duhun daren ruhi" da zarar ya shiga ƙunci. Mai maganar na asali Yohanna na Gicciye ne, wani malamin zuhudu ɗan Sifaniya da ya rayu daga 1542 zuwa 1591. 'Yan'uwansa a addini suka kulle shi kusan wata tara a wani ƙuntataccen ɗaki a birnin Toledo, suna dukansa, saboda yana son a gyara tafiyar ƙungiyarsu. Daren da yake nufi shi ne lokacin da aka ɗauke wa mai ibada duk wani daɗin ibada, don ya daina bauta wa daɗin ya bauta wa Allah. Yau an juya maganar ta zama lambar yabo, alamar cewa kai na musamman ne.

Karma a wurin masu ita tana nufin aiki da sakamakonsa, kuma kira ce ga mutum ya kula da abin da hannunsa ke yi. A kasuwar zamani ta koma sandar dukan wanda ya riga ya faɗi: wai wadda aka zalunta ita ta jawo wa kanta, marar lafiya shi ya kira cutarsa da tunaninsa. Cakara kuma, cibiyoyin jiki da ake ambata a wasu littattafan Indiya, adadinsu ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Jerin bakwai masu launin bakan gizo da ake gani a hotuna ƙari ne da aka yi a Yamma a ƙarni na 20.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce maganar kaɗawa. Ana cewa ka "ɗaga kaɗawarka", wane "kaɗawarsa ƙasa take". A kimiyya kaɗawa abu ne da ake aunawa, sau nawa abu ya je ya dawo a daƙiƙa ɗaya. Masu tallar hawa suna son kafa hujja da wani amo na sararin duniya da masanin Jamus Winfried Schumann ya yi hasashensa a 1952, wanda yake kusan sau 7.83 a daƙiƙa. Sukan ce yana ƙaruwa, shi ya sa mutane ke farkawa. Tartsatsin walƙiya ne ke haddasa amon nan tsakanin doron ƙasa da wani sashe na sama, kuma girman duniya da saurin haske ne ke ƙayyade shi. Yana ɗan motsawa kaɗan, amma ba ya hawa zuwa ko'ina. Babu na'urar da ta taɓa auna kaɗawar kirki ko ta hassada. An sa wa zance rigar kimiyya ne don kada a yi masa tambaya.

"Ai mutane na samun sauƙi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ban raina ta ba. Gaskiya ne, wanda ya zauna shiru na ɗan lokaci kullum, ya daidaita numfashinsa, ya rage hayaniya, zai ji sauƙi. Wanda ke cikin kaɗaici ya samu masu sauraronsa, zai ji sauƙi. Binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna kiran kansu masu ruhaniya amma ba masu addini ba. Mutane da yawa sun bar wuraren ibada ne da rauni a zuciya, ba don lalaci ba.

Sai dai sauƙin daga shirun da numfashin da abokan yake zuwa, ba daga mataki na biyar ba. Kuma akwai sauƙin da ke kashewa. Bugun zuciya da jiri da ƙarar kunne da gajiya alamu ne da likita ke gani a hawan jini, da ƙarancin jini, da ciwon sukari, da matsalar ƙwayar tayirod (thyroid) da ke wuya. Wanda ya kwana uku ba barci, yana jin ƙarfi na ban mamaki, yana jin an zaɓe shi ya ceci duniya, yana iya kasancewa a farkon wata larurar ƙwaƙwalwa da ke da magani idan an tare ta da wuri. Duk wanda ya ce wa irin wannan mutum "kada ka damu, hawa kake yi" ya tsaya tsakaninsa da asibiti. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, John Welwood, wanda shi kansa mabiyin Buddha ne, ya lura da wannan tun farkon shekarun 1980. Ya ga mutane na amfani da ruhaniya suna kewaye ciwon da ya kamata su fuskanta. Ga yadda abin ke kasancewa a cikin gida. Uwa na kwance ba lafiya, tana ƙorafi, tana maimaita magana ɗaya, tana buƙatar a juya ta a goge ta. 'Yarta ta shiga kwas, an koya mata ta "kare ƙarfinta" daga masu kaɗawar ƙasa. Sai ta fara rage shiga ɗakin. Da, idan ta yi haka zuciyarta za ta zarge ta. Yanzu an ba ta suna mai kyau da za ta kira gudun da take yi. A ganina ɗakin nan shi ne wurin da ruhinta zai ɗaukaka in zai ɗaukaka, kuma daga nan aka fitar da ita.

Na san akwai dangantakar da rabuwa da ita wajibi ne, kamar zama da mai duka ko mai cin zarafi. Wannan daban. Wanda ya guje wa azzalumi ba ya buƙatar ya ce ya fi shi matakin ruhi, zaluncin kaɗai ya isa dalili.

"Addini ma ana cin kasuwarsa"

Ana ci. Akwai masu sayar da addu'a, akwai masu tsoratar da mabiya su kwashe musu dukiya, a kowane addini. Ba zan kare su ba. Amma a addinin da ke da littafi da malamai da tarihi, akwai ma'aunin da za ka ɗora maƙaryaci a kai ka kama shi. Za ka iya buɗe nassi ka ce masa ba haka aka ce ba. A kasuwar hawan ruhi mai sayarwa shi ne littafin, shi ne malamin, shi ne alƙalin. Idan ka yi tambaya, tambayar ta zama shaidar cewa ba ka farka ba. Idan kwas bai yi aiki ba, kai ne ka toshe, sai ka sayi na gaba.

Ko waɗanda suka gina kasuwar ba su tsira daga shakka ba. Doreen Virtue, wadda ta fi kowa yaɗa maganar lambobin mala'iku, wato cewa lambobi irin su 11:11 saƙo ne daga mala'iku, ta fito a 2017 ta ce ta bar wannan hanya ta koma Kiristanci, ta kuma nesanta kanta daga abin da ta koyar a baya. Amma kayan da ta bari suna nan suna yawo a hannun wasu.

"Wa ya ba ka ikon auna ruhin wani?"

Babu wanda ya ba ni. Alƙur'ani ya ce ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ni wannan ayar ce ma ta sa nake shakkar duk wanda ya zo da taswirar matakai goma sha biyu, ya san wanda ke na uku da wanda ke na biyar. Ba ni nake auna ruhin mutane ba. Su ne suka raba 'yan'adam gida biyu, farkakku da masu barci, ma'aikatan haske da sauran gayya, har wasu na cewa su asalinsu daga wasu taurari aka aiko su. Magana ce tsohuwa, Iblis ne ya fara faɗinta da ya ce shi ya fi Adamu.

Abin da ido ke iya gani shi ne hali. Mutumin da ya ce ya hau, yana biyan bashi? Yana riƙe harshensa idan ya fusata? Matarsa ko mijinta sun ga sauyi? Yana iya cewa "na yi kuskure" ba tare da ya lulluɓe maganar da zancen darasin da sararin samaniya ya aiko masa ba? Waɗannan ba sa buƙatar "ido na uku" da suke cewa yana ganin ɓoye. Maƙwabci ma zai iya ba da amsa.

Kada kuma wani ya jira hukuma ta tace masa. Bayan mutuwar Ballard an gurfanar da matarsa da ɗansa kan zargin damfara ta gidan waya. A 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba aikin kotu ba ne ta yanke ko abin da mutum ya yi imani da shi gaskiya ne ko ƙarya. Hukuncin yana da hikima, domin shi ke kare 'yancin kowane mai addini. Amma yana nufin doka ba ta shigowa sai an yi ɓarnar da ake iya gani.

An kuwa yi ta. A watan Maris na 1997 aka tarar da gawarwaki 39 a wani gida kusa da San Diego, 'yan wata ƙungiya da Marshall Applewhite ke jagoranta. Sun kashe kansu suna zaton za su bar jikinsu su hau mataki na gaba a wani jirgi da ke bin tauraro mai wutsiya. A watan Oktoban 2009 kuma, kusa da Sedona a jihar Arizona, James Arthur Ray ya shigar da mabiyansa wata rufaffiyar bukka da aka zafafa da duwatsu masu wuta. Kuɗin kwas ɗin ya haura dala 9,000 ga mutum ɗaya. Tun kafin su shiga ya gaya musu za su ji kamar za su mutu, amma su daure su wuce wurin. Da mutane suka fara amai suna suma, da yawa ba su fita ba, domin an riga an fassara musu abin da jikinsu ke faɗa. Mutum uku suka mutu. A 2011 kotu ta same shi da laifin sakacin da ya jawo kisa, ta ɗaure shi shekara biyu.